Ihu, ganguna da Littafi Mai Tsarki: Labarin faifan 'Home' na mawaƙan August Burns Red

Ranar Juma'a, 4 ga watan Yunin 2010, matasa fiye da dubu ɗaya suka yi cincirindo a wani ɗakin taro mai suna Warehouse 54 da ke Manheim, ƙaramin gari a jihar Pennsylvania ta Amurka wanda mazaunansa ba su kai 5,000 ba a lokacin. An sayar da tikiti kaf.

Abin da ya tara su shi ne wasan wasu samari biyar da ake kira August Burns Red, ƙungiyar makaɗa da ta fara atisaye a wata gona da ke yankin, ta shafe shekaru tana yawo gari-gari, sannan ta dawo gida domin a naɗi wasanta a gaban mutanen da suka san mafarinta.

An kakkafa kyamarori, an jona wayoyi, an ɗauki sauti da hoto. Ranar 28 ga Satumban wannan shekarar kamfanin Solid State Records ya fitar da aikin a faifai biyu, CD da DVD, da suna Home, wato Gida.

Wanda bai saba da irin wannan kiɗa ba, idan ya kunna faifan, zai iya rantsuwa faɗa ake yi. Mawaƙin ba ya rerawa yadda aka saba, ihu yake yi daga can cikin maƙogwaro. Ganguna na zuba kamar ruwan ƙanƙara a kan rufin kwano. A ƙasan dandamali kuwa matasa ne ke bangazar juna suna tsalle. Duk da haka, a Amurkar wancan lokaci ana iya samun faya-fayan wannan kamfani a shago ɗaya da Littafi Mai Tsarki da littattafan wa'azi, domin Solid State ya yi suna ne wajen fitar da mawaƙa Kiristoci.

Haɗa ihu da imani a wuri ɗaya abu ne da majami'un Amurka suka shafe shekaru da dama suna muhawara a kansa. Faifan Home ya fito ne a daidai lokacin da salon ke kan ganiyarsa, 'yan shekaru kaɗan kafin manyan sunayensa su fara faɗuwa ko su sauya sheƙa.

Wane irin kiɗa ne wannan?

Sunan salon metalcore, kuma gamin gambiza ne na salo biyu.

Na farko shi ne metal, wanda akasari ake danganta asalinsa da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham a Ingila, wadda ta fitar da kundinta na farko a 1970. Makaɗin jitarta, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Daga baya ya riƙa sassauta tsirkiyar jitar domin rage zafin dannawa, sai sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi. Wannan nauyi ne salon ya gada.

Na biyu shi ne hardcore, kiɗan matasan biranen Amurka irin su Washington da New York da Boston a farkon shekarun 1980. Waƙoƙinsa gajeru ne, masu gudu, cike da fushi kan yadda al'umma ke tafiya.

Daga metal aka ɗauko gwanintar yatsu a kan jita. Daga hardcore aka ɗauko ihu, da kuma gaɓar da masu salon ke kira breakdown: inda ake karya gudun waƙa kwatsam, jita biyu da jitar bas da babbar ganga su riƙa sauka tare a kan bugu ɗaya mai nauyi, da ɗan shiru a tsakani. A wannan gaɓa ce 'yan kallo ke buɗe fili a tsakiyar taro su shiga turereniya. Ga baƙo abin tsoro ne, amma yana da ƙa'idarsa wadda kowa ya sani: wanda ya faɗi, a tsaya a ɗaga shi.

Makaɗin ganga kan zauna a tsakiyar ganguna da faya-fayan tagulla, yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu. Ƙafafun suna taka feda biyu da ke dukan babbar ganga da saurin da kunne ke kasa ƙirgawa. Makaɗin gangar August Burns Red, Matt Greiner, na cikin waɗanda suka fi suna a wannan fanni, har matasa masu koyo suna sassauta gudun bidiyonsa domin su ga yadda ƙafafunsa ke yi.

Shi ma ihun sana'a ce da ake koyo. Iska ake turowa daga ciki, a girgiza naman da ke saman igiyoyin murya maimakon a matse su. Wanda bai iya ba, muryarsa kan dushe kafin a gama mako guda na yawon wasa. Wata malamar murya a New York mai suna Melissa Cross har faifan koyarwa ta fitar a 2005 kan yadda ake ihu ba tare da an yi wa maƙogwaro lahani ba.

August Burns Red sun bambanta da yawancin takwarorinsu ta fuska biyu. Sauran ƙungiyoyin sukan gauraya ihu da amshi mai zaƙi, wanda gidan rediyo zai iya sakawa. Su kuwa a wancan lokaci kusan ba su yin haka, zaƙin waƙa suna bar wa jitar JB Brubaker. Sannan suna son awon kiɗa mai wuyar bi, inda bugu ke zuwa biyar-biyar ko bakwai-bakwai maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba da shi. Irin wannan kiɗa a situdiyo ana iya haɗa shi gutsure-gutsure. A kan dandamali kuwa babu wurin ɓuya.

Daga ɗakin ajiye ƙwai

Gundumar Lancaster, inda Manheim yake, ba wurin da mutum zai yi tsammanin wannan kiɗa ba ne. Tun bayan da William Penn ya kafa Pennsylvania a 1681 bisa alkawarin 'yancin addini, Kiristoci mabiya ɗarikun Mennonite da Amish suka riƙa kwarara can daga Suwizalan da yankunan Jamus, suna gudun tsangwamar da ake yi musu saboda ƙin yi wa jarirai baftisma da ƙin ɗaukar makami.

Har yau Amish na tafiya a keken doki a kan titunan gundumar, ba sa jona gidajensu da layin wutar lantarki, kuma a ibadarsu babu kayan kiɗa ko ɗaya. Da murya kawai suke rerawa, a hankali, da Jamusanci, daga wani littafi mai suna Ausbund da aka fara bugawa a 1564.

Samarin August Burns Red ba Amish ba ne. Sai dai waɗanda suka kafa ƙungiyar a cikin wannan yanayi suka tashi, na gonakin masara da garken shanun madara da coci ran Lahadi. Sun haɗu a watan Maris na 2003 suna 'yan makaranta, kuma wurin atisayensu na farko wani tsohon ɗakin ajiye ƙwai ne a gonar iyayen Greiner.

A 2004 wani ƙaramin kamfani na Lancaster mai suna CI Records ya fitar musu da gajeren kundi. A 2005 suka koma Solid State suka fitar da Thrill Seeker. Mawaƙa biyu suka zo suka tafi, domin rayuwar hanya ba kowa ke jure mata ba. A 2006 Jake Luhrs ya taho daga jihar South Carolina ya karɓi makirfo, Dustin Davidson ya karɓi jitar bas, suka haɗu da Greiner da Brubaker da Brent Rambler. Kundin Messengers ya biyo baya a 2007, sai Constellations a watan Yulin 2009, wanda ya kai matsayi na 24 a jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka.

Sunan ƙungiyar ma yana da nasa abin dariya. Sun daɗe suna ba 'yan jarida labarin wata budurwa mai suna August da ta ƙona wani kare don ɗaukar fansa. Daga baya suka bayyana cewa ƙirƙirar labarin suka yi, sunan kuma ba shi da wata ma'ana.

Wani abin mamaki game da wannan gunduma shi ne, 'yan kilomitoci daga Manheim akwai garin Lititz, inda wasu 'yan'uwa biyu, Roy da Gene Clair, suka kafa kamfanin lasifikoki a 1966 wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya wajen samar da sauti ga manyan wasanni. Kamfanin Tait, mai ƙera dandamali ga fitattun mawaƙa, shi ma a can yake. A 2014 aka buɗe katafariyar cibiyar Rock Lititz inda taurari ke gwajin wasansu kafin su fita yawon duniya. Wato keken doki da tirelar lasifikoki hanya ɗaya suke bi.

Zaɓen Manheim a matsayin wurin naɗa yana da ma'ana idan aka dubi abin da takwarorinsu suka yi. Ƙungiyar Underoath ta ɗauki bidiyon faifanta na 2008, Survive, Kaleidoscope, a babban ɗakin wasa na Electric Factory a birnin Philadelphia. The Devil Wears Prada ta ɗauki nata, Dead & Alive na 2012, a Palladium da ke Worcester a jihar Massachusetts. Waɗannan wurare ne da sunansu kaɗai ya isa talla. August Burns Red suka zaɓi garin da akasarin masu sayen faifan sai sun duba taswira kafin su gane inda yake. A cikin DVD ɗin kuma suka haɗa da wani fim na rayuwarsu a hanya mai suna Away Games, kalmar da masu ƙwallo ke nufin wasan waje da ita. Ga wasan gida, ga wasan waje, a kwali ɗaya.

Kiɗan da aka ce na Shaiɗan ne

Kafin a kai ga ranar da iyaye Kiristoci za su bar 'ya'yansu su je irin wannan wasa, an sha fama.

A shekarun 1980 fargaba ta mamaye gidaje da majami'u da yawa a Amurka cewa kiɗan metal ƙofa ce ta bautar Shaiɗan. Wasu mawaƙan su ma sun ƙara wa wutar fetur da hotunan ƙahoni da ƙwarangwal a bangon faya-fayansu, saboda sun gano abin na jawo ciniki. A watan Satumban 1985 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna sauraren bahasi kan kalmomin waƙoƙi, bisa matsin wata ƙungiyar iyaye da Tipper Gore ke cikin jagorancinta. Daga wannan taƙaddama ce aka samu tambarin gargaɗin iyaye da ake mannawa a faya-fayai. A 1990 aka gurfanar da ƙungiyar Judas Priest a birnin Reno bisa zargin ɓoye saƙonni a waƙarta da suka tura wasu samari biyu harbin kansu. Kotu ba ta same su da laifi ba.

A tsakiyar wannan hayaniya ce ƙungiyar Stryper ta Kalifoniya ta bayyana, sanye da kaya masu ratsin baƙi da rawaya, tana kiɗan metal tana kuma jefa wa 'yan kallo kwafin Littafi Mai Tsarki daga kan dandamali. Kundinta na 1986 ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya. Sai ta samu kanta tsakanin wuta biyu: masoya metal na ganinta a matsayin 'yan wa'azi da suka yi shigar burtu, wasu fastoci kuma na ganinta a matsayin kura da fatar akuya. Fitaccen mai wa'azin talabijin Jimmy Swaggart ya yi musu kaca-kaca a bainar jama'a, alhali 'yan'uwa biyun da suka kafa ƙungiyar sun ce ta hanyar kallon wa'azinsa iyalinsu suka rungumi addinin.

Hujjar masu suka ita ce sauti kansa yana da hali, kuma sautin fushi ba ya ɗaukar saƙon salama ko da an canza kalmomin. Masu karewa kuma kan nuna littafin Zabura, inda akwai kuka da ƙorafi da neman ɗauki cikin ƙunci, da kuma ambaton ƙaho da kuge masu ƙara a wajen yabo. Har yau babu ɓangaren da ya sauko.

Abin da ya sauya lissafi ba hujja ba ce, tsari ne. A 1984 wata al'ummar Kiristoci ta Chicago mai suna Jesus People USA ta fara bikin kiɗa na Cornerstone, wanda daga baya ya koma wata gona kusa da Bushnell a jihar Illinois, yana tara dubban matasa kowace bazara. A 1993 Brandon Ebel ya kafa kamfanin Tooth & Nail, sannan a 1997 ya buɗe reshen Solid State domin kiɗa mai nauyi, inda ƙungiyoyi irin su Zao da Living Sacrifice da Norma Jean suka samu gindin zama.

Akwai kuma wani dalili na zahiri. A Amurka doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba barasa, kuma gidajen wasa da yawa mashaya ne da ba sa barin yara shiga. Majami'u kuwa suna da ɗakunan taro, da lasifikoki, da shugabannin matasa masu neman abin da zai jawo samari. Sai ɗakin taron coci ya zama dandamalin farko na ɗaruruwan ƙungiyoyi. Yaron da iyayensa ba za su taɓa barinsa ya sayi faifan metal ba, sai ga shi an ba shi kuɗi ya saya a shagon littattafan addini.

Zuwa 2006 abin ya wuce wasa. Kundin Underoath mai suna Define the Great Line ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na biyu, da kwafi kusan 98,000 a makon farko.

Yadda ake kama wasa a faifai

Naɗar wasa kai-tsaye ya fi ƙarfin ɗaga kyamara ɗaya. A irin wannan aiki kowane makirfo yana da layinsa daban. Ganguna kaɗai kan cinye goma ko fiye: na babbar ganga, na ƙaramar mai kaifin sauti, na kowace ganga ta gefe, da na sama masu kama tagulla. Kowace jita na da nata, mawaƙi na da nasa. Sannan a juya wasu zuwa ga 'yan kallo, domin idan babu muryar jama'a, abin da zai fito ba zai bambanta da atisaye ba.

Duk waɗannan layuka ana adana su a rarrabe, daga baya injiniya ya zauna a situdiyo ya daidaita su. Masu kyamara kuma kan bazu, wasu a gaban dandamali, wasu a gefe, wani a bayan mai ganga, sannan mai tace hoto ya zaɓi wanda za a gani a kowace daƙiƙa. A kiɗa mai gudu irin wannan, jarabar mai tacewa ita ce ya riƙa yanka hoto da saurin ganga, har mai kallo ya kasa ganin yatsun da ya sayi faifan domin ya gani.

Tunda an rarrabe layukan, ana iya gyara kuskure. Mai jita zai iya shiga situdiyo ya sake kaɗa inda ya zame, a cire na asali a saka sabo, a bar tafin jama'a yadda yake. Wannan tsohuwar al'ada ce a masana'antar. Mawaƙan Kiss sun amince daga baya cewa an yi wa fitaccen faifansu na 1975, Alive!, gyare-gyare a situdiyo. Na Judas Priest na 1979 kuwa har laƙabi aka yi masa na zolaya, cewa a situdiyo aka yi wasan ba a Japan ba. Shi ya sa masoya kan saurari faifan kai-tsaye da kunnen mai bincike, kuma shi ya sa bidiyo ke da daraja: hannu da ƙafa suna bayyane, kuma da wuya a yi ƙarya mai tsawo a gabansu.

Waƙoƙin da ke Home an tsamo su ne daga kundayen ƙungiyar uku na farko. Akwai Back Burner da Composure daga Messengers, akwai Meddler da Marianas Trench da White Washed daga Constellations. Sunan White Washed kan tuna wa mai karanta Littafi Mai Tsarki inda Bisharar Matiyu ta kwatanta munafukai da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa, kuma waƙar kanta martani ce ga masu ɗora wa wasu ra'ayinsu da ƙarfi. Faifan ya rufe da The Seventh Trumpet, doguwar waƙa daga kundin farko wadda sunanta ke nuni ga ƙaho na bakwai a littafin Wahayin Yahaya. Imanin yana nan, amma sai wanda ya san inda zai duba, ko ya karanta kalmomin a takardar cikin kwali, domin daga ihun kaɗai ba kowa ke tsintar su ba.

Lissafin kuɗi

A 2010 kasuwar faya-fayai na cikin mawuyacin hali. Tun bayan ɓullar Napster a 1999, matasa suka saba da sauke waƙa kyauta daga intanet. Kuɗin da masana'antar waƙa ke samu a Amurka ya faɗo daga kimanin dala biliyan 14.6 a 1999 zuwa kusan rabin haka a 2010. Manyan shagunan Tower Records sun rufe a Amurka tun 2006.

Ƙungiya irin August Burns Red ba da faifai take ci ba. Da tikiti take ci, da riguna masu tambarinta da ake sayarwa a teburin bakin ƙofa. Faifan kai-tsaye ya dace da wannan lissafi: babu buƙatar rubuta sababbin waƙoƙi ko kama situdiyo na makonni, yana cike gurbin da ke tsakanin kundi da kundi, kuma talla ne ga wasa na gaba. Home ya faɗo ne tsakanin Constellations na 2009 da Leveler na watan Yunin 2011, wanda ya kai matsayi na 11 a Billboard. Ba su kaɗai suka yi wannan tunani ba. Demon Hunter sun fitar da 45 Days a 2008, As I Lay Dying kuma suka fitar da This Is Who We Are, mai faifan DVD uku, a 2009.

Zamanin bai daɗe ba. YouTube da wayoyin hannu masu kyamara suka sa kowane wasa yana intanet kafin gari ya waye. Bikin Cornerstone ya yi na ƙarshe a 2012. Shagunan Family Christian, kimanin 240, sun rufe gaba ɗaya a 2017, na LifeWay suka biyo baya a 2019. Hanyar da ta kai wannan kiɗa gidajen masu tsantseni ta toshe.

Imani ne ko tambarin kasuwa?

Babbar girgizar ta zo ne a watan Mayun 2013, lokacin da 'yan sanda a Kalifoniya suka kama Tim Lambesis, mawaƙin As I Lay Dying, bayan ya nemi wani ya kashe matarsa da suka rabu, ba tare da ya san jami'in tsaro ne a ɓoye ba. Ya amsa laifinsa a watan Fabrairun 2014, aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara shida a watan Mayu, ya fito a Disambar 2016.

Abin da ya ƙara tayar da ƙura shi ne hirar da ya yi da mujallar Alternative Press gab da shigarsa gidan yari. A ciki ya ce ya daɗe da barin imani amma ya ci gaba da barin mutane suna ɗaukarsa Kirista saboda kada ciniki ya faɗi, har ya yi iƙirarin cewa a cikin ƙungiyoyin da suka yi yawo tare masu wannan suna, ƙalilan ne na gaske. Makaɗin jitar ƙungiyar na lokacin, Nick Hipa, ya fito ya ƙaryata abin da aka jingina musu. Maganar wanda ke ƙoƙarin wanke kansa ba abar dogaro ba ce ɗari bisa ɗari, amma ta taɓa inda ke yi wa masoya ƙaiƙayi. Matasa da yawa sun je wajen waɗannan mawaƙa bayan wasa sun nemi a yi musu addu'a, sun faɗa musu sirrinsu. Yanzu sai suka fara tambayar wa suka faɗa wa.

Underoath sun bi wata hanya. Bayan sun watse a 2013 sun sake haɗuwa, suka fitar da Erase Me a 2018, suka kuma bayyana ƙarara cewa sun ajiye sunan ƙungiyar Kirista. Mawaƙinsu Spencer Chamberlain ya yi magana a fili kan shekarun da ya yi yana fama da shan ƙwaya, da yadda ya ji an juya masa baya a cikin al'ummar da ya zaci za ta riƙe shi.

August Burns Red tun da wuri suka riƙa taka-tsantsan da tambarin. Brubaker ya taɓa cewa Kiristanci addini ne, ba salon kiɗa ba, kuma ya fi son a bar kiɗan ya yi magana da kansa. Wasu na ganin wannan zillewa ce, ta wanda ke son cinikin coci da na waje a lokaci guda. Amma idan aka dubi abin da ya faru da waɗanda suka ɗaga tutar sama-sama, matsayin nasu ya fi kama da gaskiya: mutum biyar ne, kowa da inda yake a tafiyarsa ta addini, kuma babu wanda zai iya yi wa sauran huɗun rantsuwa har abada. Greiner da Luhrs su ne suka fi magana a fili kan imaninsu. Luhrs ya kafa wata ƙungiyar agaji mai suna HeartSupport, wadda ke taimaka wa matasa masoya wannan kiɗa da ke fama da damuwa da shaye-shaye da tunanin kashe kai, abin da ya samo asali daga labaran da yake ji a bakin teburin riguna bayan an tashi wasa.

Bayan kundin Rescue & Restore na 2013, wanda ya kai matsayi na tara a Billboard, ƙungiyar ta bar Solid State ta koma Fearless Records, kamfanin da ba shi da alaƙa da addini. A can ne aka zaɓe ta cikin masu takarar kyautar Grammy har sau biyu, a 2016 da waƙar Identity, da 2018 da Invisible Enemy. A karon farko wadda ta doke su ita ce Ghost, ƙungiyar ƙasar Suwidin da mawaƙinta ke shigar fafaroma mai fuskar ƙwarangwal yana rera waƙoƙin da ke ambaton Shaiɗan. A karo na biyu Mastodon ce ta lashe.

Sun kuma fitar da kundin waƙoƙin Kirsimeti a 2012, Sleddin' Hill, inda suka mayar da tsofaffin waƙoƙin bikin zuwa kiɗan jita da ganga, sannan sun ɗore da al'adar wasan ƙarshen shekara a Lancaster da suke kira Christmas Burns Red. A 2020, da annobar korona ta rufe gidajen wasa, sai suka koma yin wasa a gaban kyamara kaɗai, masoya na sayen tikiti suna kallo ta intanet daga gidajensu. Haka suka yi bikin cikar Thrill Seeker shekara 15, haka suka yi wasan Kirsimetin shekarar, babu makirfon da aka juya wa jama'a domin babu jama'ar.

Kundinsu Death Below ya fito a 2023 ƙarƙashin kamfanin SharpTone, kuma sunaye biyar da ke jikinsa su ne dai waɗanda ke jikin Home: Luhrs, Brubaker, Rambler, Davidson da Greiner. Brubaker, wanda ke kaɗa mafi wuyar sassan jitar, an san shi da hawa dandamali sanye da silifa.